Halti Besna da Kwazazzaban Sarnal

Muryar Halti Besna, wato Inna Besna a yarenmu, na fara sani, kusan wata huɗu kafin in ga fuskarta. A shekarar da aka ɗauke ni tuƙin katafilar share ƙanƙara a ofishin hanya na gundumarmu, kullum ƙarfe bakwai na safe sai oba-obar da ke kan teburin shugabanmu ta yi ƙara, sannan wata murya mai kaushi ta fito, ba sallama ba gaisuwa.

"Sarnal ke magana. Sabuwar ƙanƙara taƙi uku da yatsa biyu. Iska daga yamma tun jiya da la'asar. Masu Gishiri ya cika har baki. Kurma ya zubo da asuba, bai kai hanya ba. Kada kowa ya wuce gadar dutse yau."

Shugabanmu yaro ne ɗan makaranta da aka turo daga birnin Wan. Sai ya danna ya ce, "Halti, taƙi uku santimita nawa ke nan?"

Ta ce, "Auna da hannunka mana, ɗana. Ko shi ma sai gwamnati ta aiko maka?"

Masu Gishiri da Kurma biyu ne daga cikin kwazazzabai bakwai da ke sauka kan hanya tsakanin gadar dutse da ƙauyen Sarnal. Kowanne da sunansa, kowanne da halinsa, kuma ta cikinsu ashit ke zuwa, wato ƙanƙarar da ke ɓallewa daga kan dutse ta zubo gaba ɗaya. Na farkon ya samo sunansa daga ayarin fataken gishiri da ya binne tun zamanin kakanninmu. Na biyun kuwa ba a jin zuwansa sai ya iso.

Ba ita aka ɗauka wannan aiki ba. Mijinta Ferho ne mai gadin hanya a Sarnal. Shi ke auna ƙanƙara da sandar ƙarfe, shi ke tona rami ya duba yadda ta kwanta hawa-hawa, shi ke magana a oba-oba. Ita dai takan bi shi da tulun shayi, ta tsaya ta yi kallo. A hunturun da ɗansu Dilawer ya cika shekara shida, ashit ta faɗa wa wata motar fulawa a hanya. Wani fasinja da ya tsira ya shigo ƙauye a guje yana ihu, aka tare shi aka ce a ina ne, ya ce, "A kwana!" To, kwanar hanya guda biyu ce a wurin. Mazan ƙauye su goma sha tara suka ɗebi shebur suka nufi ta kusa, suka tarar ita ma ta zubo, suka duƙa tono. Sun fi awa ɗaya suna tonon wurin da babu kowa a ƙarƙashinsa, duk kawunansu a ƙasa, ba wanda aka ajiye ya dubi sama. Sauran ƙanƙarar da ke rataye ta sauko ta tafi da mutum bakwai, har da Ferho. Direban motar fulawar kuwa, a can ɗaya kwanar, ya fasa gilashi ya fito da kansa, ya shigo Sarnal bayan azahar yana tambayar gidan da zai sami ruwan zafi.

Washegari ƙarfe bakwai oba-oba ta yi ta kiran Ferho. Besna ta ɗauka, don ta san abin da ake dannawa. Ta ce, "Ferho yana ƙarƙashin Kwana ta Ƙasa tare da mutum shida. Ku ɗauki alƙalami." Ta ba su sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi lokacin, ta faɗi faɗin abin da ya zubo da inda ya tsaya. An ciro shida cikin kwana uku. Shi Ferho sai da ta yi kwana sittin da takwas tana fita da sandarsa tana caka ƙanƙara taki bayan taki, kafin narkewa ta ba ta shi. Duk waɗannan kwanakin ba ta fasa rahoton safe ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya zo karɓar oba-obar. Haka aikin ya zama nata.

Ranar da na fara buɗe hanya har Sarnal, na tarar da ita tsaye a ƙofar gidanta, gida na ƙarshe a saman ƙauye. 'Yar gajeruwa ce, ta kai hamsin da 'yan kai a lokacin, da madubin hangen nesa rataye a wuya bisa mayafi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne sabon? Wanda ya tsaya shan taba a ƙarƙashin Kurma ranar Talata?"

Na ce, "Minti biyu kawai na yi, Halti."

"Minti biyu. Shigo ka sha shayi, wataƙila shi ne na ƙarshe."

Ta zaunar da ni kusa da murhu, ta ba ni burodin tanderu da cuku mai ganye, ta zuba shayi. Ina sa ƙwayar sukari a baki sai ta ce, "Ashit ta binne abokin aikinka a gabanka. Me za ka fara yi?"

"In ɗauki shebur."

"Ka mutu ke nan. Allah ya ji ƙanka, Zubeyir, yaro ne mai kirki, sai dai wawa. Kai za ka fara ɗagawa, ka ga me ya rage a sama."

A zaman nan ta koya mini abin da ba a koya mana a ofis ba. Idan ashit ta ɗauki mutum, kada idonka ya bar inda ka gan shi na ƙarshe har sai ka sami dutse ko itacen da za ka ɗaura wurin da shi. Idan ka kira, ka faɗi sunan kwazazzabon, kada ka ce kwana, kada ka ce can sama. Ka faɗi mutum nawa, ka faɗi ƙarfe nawa. Kuma duk inda ake tono, a ajiye mutum ɗaya da usur a baki wanda aikinsa kallon dutse kawai, ko da ubansa ne a ƙasa ba zai taɓa shebur ba. Ta sa na maimaita sau uku kamar mai hadda, sannan ta bar ni na ci cukun.

A lokacin Sarnal gida talatin ne. Kowace kaka sai an rufe biyu ko uku, mutane su tafi Wan ko Istanbul aikin gini. Dilawer ma ya tafi da ya girma. Abin da ya riƙe Besna, ban da duwatsun, ƙawarta ce Perihan, matar Shamdin, maƙwabciyarta ta ƙasa. Shekara ɗaya aka kawo su ƙauyen a matsayin amare, tanderu ɗaya suke gasa burodi a ciki, kuma ban taɓa ganinsu tare ba su yi faɗa ba.

Perihan takan ce, "Ga matar gwamnati ta iso. Ranki ya daɗe, yau an yarda mu fita fitsari, ko a jira sanarwa?"

Besna ta ce, "Ke fita abinki. Ashit ma tana da zaɓi."

Autan Perihan, Jiwan, shi kaɗai ne cikin samarin ƙauyen da ya ƙi tafiya birni. Shekararsa ashirin da shida, yana kiwon tumakin ubansa, mutum ne mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Besna ce ta karɓi haihuwarsa.

Abin ya faru a ƙarshen watan Shubat, wato Fabrairu, a hunturuna na tara a wannan hanya. Gida huɗu suka rage a ƙauyen. An kwana uku ana zuba ƙanƙara da iskar yamma, rana ta huɗu gari ya waye garau, har da ɗan ɗumi. Ni da abokin aikina mun iso da katafila tun jiya da yamma muka kwana a masallaci, da safe na hau gidan Besna shan shayi. Ina zaune Jiwan ya leƙo.

"Halti, ingiricinmu ya ƙare. Tumaki sun fara cin gashin juna. Zan haura garken sama in jawo amalanke ɗaya."

Garken sama yana hayin Masu Gishiri, dole sai an ratsa cikinsa. Besna ta fita ta ɗora madubi a ido, ta daɗe tana dubawa.

"Ba na son sa," in ji ta.

"Ke dama wa kike so? Ko ni da kika wanke ranar da aka haife ni ba kya so na."

Ta yi tsaki. Ta ce, "To tafi yanzu, tun yana daskare. Ka ga dutsen can mai kama da hanci? Ka dawo kafin rana ta taɓa shi. In ta taɓa shi kana can, ka zauna a garke har inuwa ta dawo."

Ya ce, "An gama, ranki ya daɗe." Ya ɗauki guntun cuku daga farantina ya jefa a baki, ya tafi.

Ya haye lafiya. A can ne ya yi jinkiri. Daga baya mun ga igiyar amalanken a ƙulle wuri biyu, alamar ta tsinke masa ya tsaya gyara. Rana ta taɓa dutsen, ta wuce shi, ta sauka kan farin gangaren da ke sama. Besna tana tsaye a kan rufin gidanta ba ta sauke madubin ba. Can sai na ji ta ce, "A'a. A'a, ɗan nan, zauna." Ta zaro usur ta busa, ta sake busawa, amma nisan ya yi yawa. Ni ma da idona ina hango shi, ɗan ɗigo baƙi yana jan tulin ingirici, ya shigo kwazazzabon. Ya kai tsakiya sai muka ji wani gum, can ƙasa-ƙasa, kamar an yar da buhu a ɗaki na kusa. Rabin gangaren na hagu ya tsage ya taho. Farin hayaƙi ya tashi ya rufe komai.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta ma motsa kanta ba. Ta ce, "Zubeyir, dubi agogo."

"Sha ɗaya saura minti goma."

"Ɗauko oba-oba ka danna, ka kawo bakina." Na yi. Ta ce, "Sarnal ke magana. Ashit a Masu Gishiri, wajen hanyar garke, sha ɗaya saura minti goma. Mutum ɗaya, Jiwan ɗan Shamdin. Na gan shi na ƙarshe taki ashirin ƙasa da jan dutse. Rabin dama bai zubo ba, akwai tsaga a samansa. Ku turo likita, amma kada ya wuce gadar dutse sai na ce."

Sai a lokacin ta sauke madubin, ta ɗauki sandar Ferho, ta sauka daga rufin da gudun da ban san tana da shi ba.

Hanyar da ke fita daga ƙauye zuwa kwazazzabon tana bi ta wani matsatsi tsakanin katangar maƙabarta da rafi. A nan ta riga mazan isa, ta gitta sandar. Mu tara ne, har da ni da abokin aikina, kowa da shebur. Shamdin ne a gaba, ba hula ba takalmin kirki.

"Matsa, Besna."

"Keko Shamdin, babban yaya, ɗaga kai ka duba."

"Ɗana yana ƙasa kina ce mini in dubi sama?"

Ni na duba. Tsagar tana nan, baƙin layi daga jan dutse har ƙarshen gangaren dama, kuma ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta ta fi wadda ta zubo yawa. Rana tana dukanta.

Besna ta ce, "Za ta zo. Wallahi za ta zo. Ba zan sake ƙirga mutum bakwai ba."

Ya ture ta, ta faɗi a gefen rafin. Kafin ya yi taki biyu ta rarrafo ta rungume ƙafarsa. Perihan ta iso da gashi a buɗe tana dukan bayan Besna da hannu biyu, tana cewa, "Sake shi! Sake shi, mayya! Naki mijin ya mutu shi ne kike so kowa ya ɗanɗana?" Sauran mazan suka tsaya cirko-cirko, wannan ya dubi dutse, wannan ya dubi Shamdin. Ni kuwa na yar da shebur na kama Shamdin ta baya, na haɗa hannuwansa na riƙe. Dattijo ne da ya isa ya haife ni. Ya zage ni, ya zagi ubana, daga baya ya koma roƙo. Ban sake shi ba. Wani ya ruga ya ɗauko bindigar farauta ya harba sama sau uku ko ƙarar za ta sauko da ita, ba ta motsa ba.

Minti ashirin da biyu muka yi a matsatsin nan. Na sani don ina ganin agogon hannuna a ƙirjin Shamdin. Sannan ta zo da kanta. Iskarta kaɗai ta kayar da mu a inda muke, ta cika mana baki da hanci. Da hayaƙin ya lafa, wurin da za mu tsaya tono ya ɓace ƙarƙashin tudun da ya kai tsayin gida.

Besna ta tashi ta sa madubi, ta bi gangaren daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce, "Yanzu. Ba abin da ya rage."

Duk da haka ta ajiye dattijo ɗaya da usur a kan katanga. Ta jera mu kafaɗa da kafaɗa daga jan dutse zuwa ƙasa, muna caka sanduna tare, taki ɗaya, caka, taki ɗaya, caka. Bayan kusan minti hamsin sandar abokin aikina ta taɓa abu mai laushi. Muka tona. Mun same shi a durƙushe, ya yi wa kansa ɗan kogo a gaban fuska, bangon kogon ya zama ƙanƙara mai sheƙi saboda numfashinsa. A saman kansa ya yi tono da hannu kusan kamu ɗaya, farcensa duk sun karye. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi. Ya daɗe da rai.

Shamdin ya share masa fuska da hannun riga, sannan ya ɗago ya dubi Besna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kafin ta biyun ta zo, bai fi zurfin ƙugu ba. Da kin bar mu, minti goma ya ishe mu."

Wataƙila gaskiyarsa ne. Wataƙila kuma da mu tara muna kwance tare da shi. Na yi shekaru ina juya wannan abu a raina, ban kai ƙarshensa ba.

Bayan kwana biyu jami'in tsaro ya hau ɗaukar bayani. Kafin ya shigo na ce mata, "Halti, ki faɗi lokaci da wuri kawai. Sauran ba sai kin faɗa ba, kowa ya ga ta biyun da idonsa."

Ta dube ni kamar ranar da na ce zan fara ɗaukar shebur. Da jami'in ya zauna ta faɗa masa duka. Ta ce ita ta ba Jiwan izinin tafiya. Ta ce ita ta tare hanya, minti ashirin da biyu. Ta faɗi kogon, ta faɗi farcen. Jami'in ya ajiye alƙalami ya ce, "Halti, wannan na izinin ba lallai a rubuta ba."

Ta ce, "Rubuta. Wanda zai karanta bayan na mutu ya san cewa in iskar yamma ta kwana uku tana hurawa, ko da sassafe ba a barin mutum ya ratsa Masu Gishiri. Ni na zata sanyin safiya zai riƙe ta. Na yi kuskure. In ba ka rubuta ba wani zai sake yi."

Ya rubuta, ta dangwala yatsa.

Daga ranar ba wanda ya sake gaishe ta a Sarnal. Ba su zage ta ba, ba su kore ta ba. In ta fito ɗiban ruwa sai matan su tuna suna da aiki a gida. Ranar sadakar uku ta kai tukunyar miyar madara gidan Shamdin, da yamma ta tarar da ita a ƙofar gidanta ba a buɗe murfin ba. Da ƙanƙara ta narke Perihan ta sa aka gina mata nata tanderun a bayan gida. Ni ma na sami rabona, amma ni ina da gida a gari, ina da mata da 'ya'ya da abokan shan shayi. Ita ba ta da kowa sai su. Da kaka ta zo gidajen uku suka ɗaure kaya suka tafi Wan a mota ɗaya, tana kan rufi tana kallo.

Dilawer ya zo ya tafi da ita Istanbul. Kwana goma sha tara ta yi. Ta ce mini gidan hawa na shida ne, tagar tana kallon bangon wani gidan, surukarta mutuniyar kirki ce amma tana bin ta da tsumma duk inda ta taka. Kullum kafin bakwai sai ta farka ta tsaya a taga, ba abin dubawa. Ranar da ta ji a rediyo an fara ƙanƙara a gabas ta ɗaure ƙullinta.

Hunturu shida ta yi ita kaɗai a ƙauyen da ya taɓa zama gida talatin, ita da awaki biyar. In hanya ta rufe takan yi kwana arba'in ba ta ga ɗan Adam ba. Duk lokacin da na buɗe hanya nakan kai mata gari da ganyen shayi da batir. Sai in tarar ta share ƙanƙara daga ƙofarta har masallaci, ko da yake ba mai salla a cikinsa, ta share rufin gidan Shamdin ma don kada ya rufta.

Wata rana na ce, "Halti, ba kya jin tsoro?"

"Tsoron me? Kyarketai sun san ni, na yi musu tauri."

"Kaɗaici fa?"

Ta juya cokali a kofinta, alhali ba ta sa sukari a ciki. Ta ce, "Akwai ranar da in ba don rahoton safe ba, ba zan san ko muryata tana nan ba. Minti biyu nake magana a yini. Sauran na awaki ne, su kuma ba su da labari." Ta ajiye cokalin. "Hayaƙi nake nema, Zubeyir. In na hau rufi da safe sai idona ya fara zuwa kan bututun Perihan kafin ya je kan dutse. Har yau bai daina ba."

A bazara ta huɗu Perihan ta dawo, sau ɗaya. Shamdin ya rasu a Wan, ta zo ziyarar kabarin ɗanta. Ba na nan, Besna ce ta ba ni labari. Ta ce tana duƙe tana cire ciyawa a kabarin, kamar yadda take yi kowace Juma'a, sai ta ga inuwa. Perihan ta tsufa, tana dogara sanda. Ta zauna a kan katanga. 

Can Perihan ta ce, "Kin gan shi lokacin da ashit ɗin ta zo?"

"Na gan shi."

"Ya gudu?"

"Babu wurin gudu. Ya saki igiya, ya juya mata baya, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, yadda na koya masa."

Perihan ta gyaɗa kai. Besna ta kwance ƙullin abincinta ta miƙa mata burodi da cuku. Ta karɓa, ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Kullum haka kike." Ta cinye duka. Jikanta ya yi mata hon daga hanya, ta tashi ta tafi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Besna ta ba ni wannan labari ya fi sau goma, kuma kowane lokaci a kan maganar gishirin take tsayawa.

Bayan shekara biyu aka gama huda dutsen, motoci suka koma bi ta ƙarƙashinsa, aka daina share tsohuwar hanyar Sarnal. Ofis ya aiko mata da takardar godiya a cikin gilashi, aka ce ba a bukatar rahoto kuma. Ta ce sam ba za ta sauko ba, na roƙe ta, Dilawer ya roƙe ta ta waya har ya yi kuka. Ƙanƙarar farko ta wannan shekarar ba ta ko rufe idon sawu ba, amma ita ta kayar da ita a kan matakalar rufi, ƙashin ƙugunta ya karye. Ta ja jiki har ɗaki ta kira mu a oba-oba. Ni da mutum uku muka hau da ƙafa daga gadar dutse, muka sauko da ita a kan amalanke, an naɗe ta da bargo biyu. Duk zafin da take ji, kowane kwazazzabo muka zo sai ta ce mu tsaya, mu ratsa ɗaya bayan ɗaya, mai jan amalanken ya zo na ƙarshe. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Halti, ai ba komai a sama." Ta ce, "Na ga ba komai. Ku dai yi yadda na ce."

Daga asibitin Wan Dilawer ya wuce da ita Istanbul. Ba ta sake taka ƙafarta ba. Awakin suna wurin ƙanwata. Mun yi magana ta waya sau huɗu ko biyar, tana tambayata ko rufin masallaci ya faɗi, ina ce mata yana nan, ko da yake ban hau na duba ba. Ta rasu bayan shekara ɗaya da rabi, a tsakiyar zafi, aka binne ta a wata babbar maƙabarta a bayan birnin. Dilawer ya aiko mini da lambar layin kaburbura da lambar kabarin, ya ce in na zo sai in hau bas biyu sannan in yi tambaya a ƙofa. Na yi ritaya bara, ina da lokaci yanzu, amma ban je ba tukuna.